Goggon Da Ta Raka Ni Ƙofar Jami'a

Ranar da Goggo ta rasu ba a hura wutar turara shinkafa a unguwarmu ba. Wanda ya san Kura ya san girman wannan magana. Kullum kafin rana ta fito hayaƙin ɓuntu ya riga ya tashi daga bayan gidaje, ƙamshin shinkafa ya cika lunguna, mata suna kiran juna ta saman katanga. Ranar nan kuwa shiru. Ba wanda ya ce a daina aiki. Kowace mace dai da ta ji labari sai ta kife tukunyarta, ta ja mayafi ta nufo gidanmu.

Ina makaranta aka bugo mini waya. Kafin mota ta sauke ni a bakin titi an riga an kai ta makwancinta. Na shigo na tarar da tsakar gida cike da mata, takalma sun taru a bakin ƙofa har ba wurin sa ƙafa. Inna ta kama hannuna ta zaunar da ni a ƙofar ɗakin Goggo, ɗakin da na tashi a cikinsa tun ranar da aka yaye ni. Goggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu da wuri, 'ya'yan da ta haifa ba su rayu ba, sai ta dawo gidan mahaifinsu ta zauna, aka ba ta ni.

Abin da ya ba ni mamaki a zaman makokin shi ne yadda kuka da dariya suka riƙa haɗuwa a tabarma ɗaya. Maƙwabciyarmu ta katanga ta ce, "Wallahi matar nan ta iya faɗa. A gaban masu saye fa ta taɓa ɗibar shinkafata ta ce, 'Wannan ba ta turaru ba, koma ki sake.' Sai da na daina gaishe ta." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce, "Kuma ita ce ta zo ta tsaya mini a bakin wuta har na iya."

Direban bas ɗin da ke kai wa Goggo buhuna kasuwa ya tsaya daga bakin zaure ya yi wa mata gaisuwa, ya ce daga yau sai dai ya yi tuƙi ba mai nuna masa rami.

Da hantsi Iya ta iso a bayan babur. Iya aminiyar Goggo ce, tsohuwa Bahaushiya Kirista daga wani ƙauye a ƙasar Bunkure. A kasuwa suka haɗu tun suna da ƙarfi, Iya tana kawo shinkafar da ba a casa ba, Goggo tana saye. Ba ta tsaya gaisawa da kowa ba. Ta wuce ɗakin kai tsaye, ta daɗe tana kallon gadon, sannan ta fito ta zauna kusa da ni.

"Ƙawa ta riga ni," in ji ta. "Haka take. Ko kasuwa za mu sai ta riga ni."

Ta ɗaga hannu ta yi addu'a irin tasu, matan da ke wurin suka amsa da amin.

Ranar sadakar uku 'yan ajinmu na jami'a suka zo mota guda. Yawancinsu ba su taɓa ganin Goggo ba, amma babu wanda bai ci dambunta ba, don duk dawowata daga hutu sai ta cika mini roba ta ce in kai wa 'yan makaranta.

 Baba kuwa yana karɓar gaisuwa a waje, yana amsa "ya haƙuri" da "mun gode Allah". Sai da jama'a suka ragu ya shigo cikin gida, ya tsaya a tsakar gida da furfurarsa, ya dubi Inna ya ce, "Yau kuma babu mai ce mini Auta a duniya." Ya juya ya fita.

Kowa da Goggon da ya sani. Na ga idan ban rubuta tawa ba, nan da wasu shekaru abin da zai rage shi ne an yi wata tsohuwa mai turara shinkafa, mai faɗa. Gaskiya ne, amma bai isa ba.

Goggo gajeriya ce, mai saurin tafiya, hannuwanta duk tabon ƙuna. Ba ta taɓa shiga aji ba. Rediyonta kuwa ba ya mutuwa, kuma musu take yi da shi kamar yana jin ta. Idan mai labarai ya faɗi abin da ba ta yarda da shi ba, sai ta ce, "Kai dai faɗi, an ba ka ka karanta." Tana da 'yar ƙaramar waya wadda ba ta iya kira da ita ba, sai dai ta amsa, kuma idan ta amsa duk unguwa sun san da wa take magana. Ni ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Uwata take ce mini, ko da za ta zage ni ne.

Tana da wata tambaya da duk gidanmu muka haddace. Idan ka ce mata abu ba zai yiwu ba, sai ta ɗago kai ta ce, "An tambaya?" Idan aka ce ruwan kanal ba zai iso gonar Baba wannan makon ba, "An tambaya?" Idan aka ce likita ba ya zama ranar Asabar, "An tambaya?" Sau da yawa an tambaya ɗin, kuma ba zai yiwu ba ɗin. Wannan ba ya damunta. Abin da ba ta so shi ne mutum ya hana kansa abu yana zaune a kan tabarma.

Tana kiwon awaki a bayan ɗaki, da dusar shinkafa take ciyar da su. Ina 'yar sakandare wata cuta ta shigo gari da farkon damina, awakinta suka riƙa zawo suna majina, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Muka ba su duk abin da aka ce a ba su, ba a dace ba. Ni na fi ta kuka. Tun daga nan na sa a raina ina so in zama likitar dabbobi. Amma da na gama sakandare makina bai kai na babbar jami'ar da ake karanta wannan fanni ba, sai na shiga kwalejin aikin gona da ke kusa da mu, na fara difloma a kan kiwon dabbobi. Ban ƙi kwalejin ba. Malamanmu mutanen kirki ne, kuma duk Juma'a da yamma ina gida.

Ina dab da gama diflomar ne na ji cewa mai sakamako mai kyau zai iya neman a ɗauke shi a babbar jami'ar, ya fara daga aji biyu. Na faɗa wa Goggo a matsayin hira kawai, muna tsince tsakuwa a shinkafa.

"To ki nema mana," in ji ta.

"Goggo, ba sa ɗaukar irinmu. Gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa daga ko'ina."

"An tambaya?"

"Kowa ya sani ai."

"Ni ban san Kowa ba. Ɗan gidan wa ne?"

Haka na sayi fom, na haɗa takarduna, na je ni kaɗai na rubuta jarrabawar tantancewa. Na dawo na zauna jira.

Ranar da sakamako ya fito muna wurin shanya, ni da ita, hadari yana haɗuwa ta gabas. Wata ƙawata ta turo mini saƙo cewa an saki sunaye. Na duba a waya, na sake dubawa. Babu ni. Na tsaya riƙe da wayar. Goggo ta dubi fuskata sau ɗaya, ta gane. Ba ta ce sannu ba. Ta miƙo mini manjagara ta ce, "Ja ta can gefen, ruwa zai sauko." Muka tattara shinkafar muka rufe da tamfol, ina ja ina hawaye. Sai da muka shiga ɗaki ruwa ya kece, sannan ta ce,

"Sun ce kada ki sake dawowa?"

"A'a."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta tuƙa tuwo da miyar taushe, ta zauna a kaina har na cinye. Washegari kuma ta tura ni wurin malaminmu na kwaleji in tambayo abin da ya kayar da ni. Malamin ya duba makin da na samu, ya ce a takardar kimiyyar sinadarai na yi rauni, sauran duk na yi ƙoƙari. Na dawo na faɗa mata. Ba ta san mene ne sinadarai ba, kuma ba ta tambaya ba. Ta dai ce, "Ashe abu ɗaya ne. Na ɗauka da yawa."

Na koma kwalejinmu na fara babbar difloma, don kada in zauna haka. Na rame a watannin nan, ba na son shiga mutane. Amma duk ƙarshen mako idan na zo gida, Goggo ta cire ni daga aikin shinkafa gaba ɗaya. Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar ɗakinta, ta rage muryar rediyo, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Idan yara suka shigo da hayaniya sai ta kore su da muciya a hannu: "Ku tafi can, ana karatun likita a nan."

Da lokacin neman gurbi ya sake zagayowa, sai Baba ya ce a'a. Baba ba mutum ne mai hana karatu ba, shi ya kai ni kwalejin da kansa. Ya kira ni da safe ya ce, "Mamana, shekara ɗaya ta rage miki ki gama babbar difloma ki samu aiki. Yanzu ki watsar, ki koma aji biyu, ki sake wasu shekaru biyar a garin da ba mu da kowa? Ki riƙe abin da ke hannunki." Na ce to. Ban iya yi masa musu ba, kuma ni kaina na ga gaskiyarsa.

Goggo tana ɗaki tana ji. Ba ta fito ba. Sai da azahar ta yi, da zan kai wa Baba abinci gona, ta ɗauki mayafinta ta ce mu je.

Lokacin rani ne, tumatir ya fara nuna. Muka bi bakin kanal, ita a gaba ni a baya da kwano a ka. Muka tarar da Baba cikin ruwa har idon sawu yana buɗe masa hanya zuwa cikin kunyoyi. Da ya hango ta ya san abin da ya kawo ta.

"Yaya, da kanki cikin ranar nan?"

"Auta, fito mu yi magana."

Ya fito ya zauna a kan kwandon da aka kife. Ta ƙi zama.

"Lokacin da aka kai ka birni koyon ɗinki, saura nawa a yaye ka ka gudo?"

"Yaya, wannan tsohon zance ne."

"Saura kaɗan. Ka dawo ka ce kai noma kake so. Babanmu ya ɗauko sanda. Wa ya tsaya a tsakaninku?"

"Ke ce. Amma wannan daban."

"Da me ya bambanta? Kai dai kana so ta zauna kusa ta riƙa auna maka taki."

Wannan maganar ta yi wa Baba zafi, na gani a fuskarsa. Kuma ba gaskiya ba ce. Goggo idan ranta ya ɓaci takan jefa magana ba ta duba inda za ta faɗa ba. Baba ya mayar da ido kan ruwan da ke bin kunya. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa,

"Yaya, ke ba ki ga yadda yarinyar nan ta koma bara ba? Wuyanta kamar zare. Idan suka sake ƙin ta fa? Ni ba zan iya sake ganin wannan ba."

 Goggo ta gyara mayafi, ta dubi gonar, ta dube ni. Sannan ta ce, "Idan suka ƙi ta, ni zan yi jinyarta. A ɗakina take kwana, ba a naka ba." Ta juya ta kama hanya.

Kwanaki suka shuɗe ba sa hira. Baba bai fasa zuwa ƙofar ɗakinta gaisuwar safe ba, ita kuma ba ta ƙara komai a kan "lafiya lau" ba. Inna tana tsakiya tana lallashin kowa. Ni kuwa na ji kamar ni na raba su, har na ce wa Goggo na haƙura a bar maganar. Ta ce, "Ba da ke nake ba."

Goggo ba ta iya cewa "yi haƙuri" da baki ba. Da kwano take faɗa. Wata ranar Laraba ta tashi ta yi dambun shinkafa da zogale, irin wanda Baba yake so tun yana yaro, ta zuba man gyaɗa har yana ƙyalli, ta ba ni in kai masa. Ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya yi murmushi ya ci. Washegari da safe na ji ya tayar da babur yana kira, "Mamana, fito mana. Ba kin ce sai an karɓo takardar sakamako a kwaleji ba?" Har muka je muka dawo bai ce ya amince ba, ni ma ban tambaya ba.

Da ranar jarrabawa ta matso, Goggo ta ce da ita za a je.

"Goggo, ba a shiga da iyaye fa."

"Wa ya ce zan shiga? Wancan karon ke kaɗai kika je, suka ɗauka ba ki da kowa."

Maganar masauki kuwa Iya ce ta warware ta. Ashe 'yarta tana aikin jinya a garin da jami'ar take. Ta buga mata waya a gabanmu ta ce, "Ga Ƙawa nan zuwa da 'yarta. Ki ba su gadonki." Muka shiga mota ta hanyar Garun Mallam, Goggo a kujerar gaba, ƙullin dambu da gorar fura a cinyarta, tana nuna wa direban da ba ta taɓa gani ba inda zai rage gudu. 'Yar Iya ta karɓe mu kamar ta shekara tana jiranmu. Kafin mu tambaya ta ajiye mana buta da sabuwar tabarma, ta nuna mana gabas.

Da safe muka isa ƙofar jami'ar. Goggo ta tsaya ta ɗaga kai tana kallon gine-ginen da itatuwan da aka jera, ta ce, "Ikon Allah. Wannan ai ya fi Kura." Ta samu gindin wata bishiya kusa da zauren jarrabawar, ta shimfiɗa ɗankwali ta zauna. Ni kuwa na tsaya ina kallon ɗaruruwan mutane kowa da littafi a hannu, wasu suna ta Turanci kamar a bakinsu aka ƙirƙire shi.

Can gefe akwai wata yarinya zaune ita kaɗai, ta haɗa kai da gwiwa. Goggo ta yafito ta. Ashe daga nesa ta taho, a mota ta kwana, ba ta sa komai a cikinta ba, kuma kanta yana sarawa. Goggo ta kwance ƙullin dambun, ta dama fura ta miƙa mata. Da na ji fannin da yarinyar take nema, na sunkuya na raɗa wa Goggo,

"Goggo, ita ma fa gurbin da nake nema take nema."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To sai ta rubuta da yunwa?"

Kunya ta kama ni. Yarinyar ta yi dariya, ni ma na yi, kuma dariyar nan ce ta kwantar mini da hankali. Muka ci tare, muka shiga tare. Da muka fito na tarar Goggo ta tara jama'a a gindin bishiyar, iyaye da masu gadi da wata mai sayar da ruwa, tana koya musu yadda ake gane shinkafar da aka turara da kyau. Ba ta tambaye ni yadda jarrabawa ta kasance ba. Ta ce, "Kin rubuta abin da kika sani?" Na ce e. Ta ce, "Tashi mu tafi, awakina suna can."

Yarinyar nan ba ta samu gurbi ba. Ta koma garinsu ta ƙarasa karatunta a inda take. Amma ta karɓi lambar Goggo a ranar, kuma ba a yi wata Sallah ba tare da ta kira ta ba. Da ta ji rasuwar ta bugo mini, muka yi kuka tare a waya.

Ni kuwa aka ɗauke ni. Ina kwaleji na gani, na kira Baba tukuna. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya maimaita, sai na ji muryarsa ta canza ya kashe wayar. Inna ta ba ni labarin yadda ya shigo gida da sauri har yana tuntuɓe, ya tsaya ƙofar ɗakin Goggo ya ce, "Yaya, sun ɗauke ta." Goggo tana tankaɗe. Ta ce, "To, da me za su yi?" Amma ranar duk gidan da ke lungunmu sai da aka kai masa kwanon shinkafa da wake.

Shekarar farko a jami'a ta ba ni wuya. Na girmi yawancin 'yan ajinmu, sun riga sun saba da juna, ni kuma na shigo daga baya. Akwai ranar da na kira ta na ce ina jin na yi kuskure. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kin ci abinci?" Na ce a'a. Ta ce in je in ci in sake kira. Da na ci ban sake kira ba, don abin ya wuce. Sannu a hankali na samu ƙawaye, na kama karatun, har ya zama idan an shiga aikin hannu da dabbobi ni ake turawa gaba, saboda abin da na koya a kwalejinmu ta farko. Yanzu ina ajin ƙarshe. Ba ta ga ƙarshen ba, amma ta ga mafi yawansa, kuma ta ji daɗinsa. Duk wanda ya zo da akuya mara lafiya lokacin hutu, ita take fara yi masa tambayoyi kafin ta bari ya gan ni.

Zuwana hutu na ƙarshe na tarar ta daina aikin wuta. Ƙafafunta sun kumbura, tafiyar saurin nan ta tafi. Ba ta koka ba. Ta ce ta yi aikinta ta gama, yanzu kallo take yi, kuma kallon ma da daɗi. Wata ranar da la'asar muna zaune a inuwa, ta miƙe ƙafa a cinyata ina shafa mata man zafi, sai ta ce,

"Uwata, bari in gaya miki wani abu, tunda yanzu an wuce wurin. Ni fa ban so tafiyar nan taki ba."

Na tsaya da shafawar. Na ɗauka wasa take yi.

"Ko na rana ɗaya," in ji ta. "Da kina kusa, duk Juma'a ina jin sallamarki. Da kika tafi, ɗakin nan ya yi mini girma. Har Auta ya fi ni haƙuri."

"To Goggo, me ya sa kika tsaya mini? Har kuka ɓata da Baba?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Ke ai kina so."

Ta lumshe ido, ta motsa ƙafar a cinyata ta ce, "Ci gaba mana. Wajen diddigen nan."

Na ci gaba da shafawa har aka kira magariba.

Ya Allah, ga Goggo nan ta zo gare Ka. Ka yafe mata zafin bakinta, Ka duba abin da hannuwanta suka ciyar. Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya shi, Ka haɗa ta da 'ya'yanta da suka riga ta. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.